Layi Miliyan Ɗaya, Ido Na Ganin Arba'in: Abin Da Ke Daskarar Da Dogon Jeri A Kwamfuta

Allon kwamfutar da aka fi samu a ofisoshi yau tsayinsa ɗigo 1080 ne. Idan kowane layi na jeri ya ci ɗigo 24, layi 45 ne iyakar abin da allon zai ɗauka, kafin ma a cire kan taga da maɓallan sama da sandar ƙasa. Ko suna dubu ɗaya ne a rumbun bayanai, ko miliyan ɗaya, abin da mai aiki zai iya gani a lokaci guda bai wuce layi arba'in da 'yan kai ba. A kan wannan ɗan lissafi duk maganar saurin jeri ta tsaya. Manhajar da ke ƙamewa idan an buɗe mata dogon jeri, kusan kullum laifinta ɗaya ne: tana yi wa layi miliyan hidimar da arba'in kaɗai ke bukata.

Abin da ya sa na ɗauki maganar da muhimmanci shi ne wanda ciwon ke faɗa wa. Ba wanda ya rubuta manhajar ba ne, domin shi da layi ɗari biyu ya gwada ta, a kan sabuwar kwamfuta, komai ya tafi sumul. Mai kantin magani ne, da magatakardar makaranta, da ma'aikacin ɗakin kati a asibiti. Shekarar farko lafiya lau. Da rajista ta yi kauri, sai ka ga an danna maɓalli an naɗe hannu ana jira, mutane sun yi layi a bakin taga. Idan manhaja ta yi daƙiƙa biyar ba ta amsa saƙonnin Windows ba, sai Windows ta dusar da tagarta, ta rubuta cewa ba ta amsawa. Daga nan a ce kwamfutar ce ta tsufa, ko cuta ta shige ta, a kai wa mai gyara, a kashe kuɗi wajen ƙara ƙwaƙwalwa. Alhali gyaran yana cikin rubutun manhajar, kuma dabararsa ta girmi da yawa daga masu rubuta manhaja na yanzu.

Akwai ma'auni da aka daɗe da sani game da haƙurin ɗan Adam a gaban na'ura. Robert Miller ya yi rubutu a kai tun 1968, Jakob Nielsen ya sake fito da shi a 1993: abin da ya faru cikin kashi ɗaya bisa goma na daƙiƙa, mutum na jin nan take ya faru, zuwa daƙiƙa ɗaya ya lura da jinkiri amma tunaninsa bai katse ba, idan aka kai daƙiƙa goma hankalinsa ya koma wani wuri. Gungura jeri kuwa ya fi wannan tsanani. Allon da ke sabunta hotonsa sau 60 a daƙiƙa yana ba manhaja milisakan 16 da ɗan ɗori ne kawai ta gama zana kowane hoto. Ta wuce haka, hannu zai ji jerin yana tsalle-tsalle.

To ina lokacin ke tafiya? Hanyar da kowane ɗan koyo ke fara bi ita ce ya ɗebo bayanan duka, ya riƙa tura su cikin jerin ɗaya bayan ɗaya. A ido aiki ɗaya ne. A ƙarƙashi kuwa, duk layin da ya shiga sai jerin ya ware masa wuri a ƙwaƙwalwa, ya kwafi rubutunsa, ya sake lissafin tsawon sandar gungurawa, idan an kunna masa jerantawa ya nemo masa gurbi, sannan ya shirya sake zana kansa. A yi wannan sau dubu ɗari. Maganin farko da ake ba mutum shi ne ya hana jerin zane har sai an gama lodi. A Windows saƙon WM_SETREDRAW ke yin haka. A Windows Forms akwai BeginUpdate da EndUpdate, da AddRange mai shigar da layuka a dunƙule. A Qt, wani kayan gina manhaja, ana kashe jerantawa kafin a cika tebur, a kunna ta bayan an gama. Wannan yana rage jira sosai, kuma ga jerin da bai wuce 'yan dubbai ba ya wadatar, babu dalilin ƙara wa kai wahala.

Sai dai ciwon yana nan. Tebur mai layi 100,000 da gurbi goma a kowane layi, abu miliyan ɗaya ke nan aka gina a ƙwaƙwalwa. Ko da bayit 200 kowanne ya ci, an tashi da megabayit 200, kuma kwafi ne na bayanan da suke ajiye a wani wuri tun asali. Wanda ya fi wannan muni shi ne mai gina kowane layi da maɓalli da akwatin rubutu na gaske, domin Windows, yadda take zuwa, ba ta barin manhaja ɗaya ta riƙe irin waɗannan abubuwa fiye da 10,000. Wannan ba jinkiri kaɗai zai gamu da shi ba, faɗuwa manhajar za ta yi.

Gyara na gaskiya sai an juya dangantakar jeri da bayanai. Duk wanda ya shiga Kantin Kwari ya san mai atamfa ba ya baje dilolinsa duka a gaban shago. Abin da kanta za ta ɗauka yake jerawa, saura na sito. Ka nuna wadda kake so, yaro ya ruga ya ɗauko. Haka ake so jeri ya zama. Maimakon ya riƙe komai, sai a gaya masa adadi kawai: layukanka miliyan ɗaya ne. Da wannan adadi yake gina sandar gungurawa. Idan lokacin zane ya zo, sai ya duba layukan da suka faɗo cikin taga, a ce daga na 500,000 zuwa na 500,040, ya tambayi manhaja: me zan rubuta a gurbi na uku na layi kaza? Manhaja ta ba shi, ya zana, ya manta. Bari mu kira shi jeri mai tambaya, ɗayan kuma jeri mai riƙo. Mai tambaya ba ruwansa da yawan bayanai. Buɗe layi miliyan da buɗe layi ɗari duk ɗaya ne a wurinsa.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Microsoft ta sa ta cikin jerin Windows tun 1996, zamanin Internet Explorer 3, da sunan LVS_OWNERDATA, inda jerin ke aiko da tambayarsa ta sanarwar LVN_GETDISPINFO. A 2005 ta iso Windows Forms a matsayin VirtualMode, a shekarar ce kuma Qt 4 ya fito da tsarinsa na raba mai riƙe bayanai da mai nuna su. Teburin JTable na Java tun farkonsa a kan haka aka gina shi: yana tambayar ƙimar kowane gurbi, kuma abu guda ne yake amfani da shi ya zana gurabe ɗaya bayan ɗaya. Masu Delphi sun daɗe suna dogara da Virtual Treeview na Mike Lischke. Tsare-tsaren baya-bayan nan, da suke son kowane layi ya ɗauki hoto da maɓalli da ado, sun bi wata hanya makusanciya: su gina layukan da ake gani da ɗan ƙari, wanda ya fita ta sama a kwashe abin da ke cikinsa, a zuba masa sabo, a dawo da shi ta ƙasa. WPF ya samu wannan sake amfani a 2008, GTK 4 kuma da ya fito a ƙarshen 2020 ya zo da GtkListView a kan wannan tsari.

Abin takaici shi ne kusan kowane ɗaya daga cikinsu ya ajiye hanyoyin biyu gefe da gefe, kuma ta riƙo ce ta fi sauƙin koyo. A Qt, QListWidget da QTableWidget ba sa bukatar komai sai ka zuba musu. QListView da QTableView sai ka rubuta musu mai amsa tambaya. Ɗan koyo ya ɗauki mai sauƙi, ya gina manhajar gaba ɗaya a kanta, ranar da bayanai suka yi yawa kuma canjin ya zama rushe gini.

Nan ne na fi so a dakata, domin da yawa sun ɗauka da an kunna jeri mai tambaya an gama. Ba a gama ba, nauyin ne ya tashi daga kan jerin ya koma kan mai amsa masa. Layi 40 sau gurbi goma, tambaya 400 ke nan a zane guda. A Qt ma ya fi haka, domin kowane gurbi ana tambayar rubutunsa daban, launinsa daban, salon harafinsa da gefen da zai jingina daban. Raba milisakan 16 gida 400, kowace amsa ba ta da fiye da milisakan 0.04. A cikin wannan ɗan taƙi ba a buɗe fayil, ba a aika tambaya rumbun bayanai, balle a leƙa intanet. Amsa dole ta kasance a hannu. Shi ya sa jerin Windows ke yin ishara tun da wuri ta LVN_ODCACHEHINT, yana cewa ga layukan da zan nema nan gaba kaɗan, domin manhaja ta ɗebo su a dunƙule ta ajiye kusa. Wanda ya yi biris da wannan ishara, ya sa kowace amsa ta je rumbu ta dawo, zai samu jerin da ke buɗewa nan take amma ba ya gunguruwa. A ganina wannan ya fi na farko cin rai, don na farko sau ɗaya ake jiransa.

Sai maganar tsayin layi, wadda ake rainawa. Idan duk layukan tsayinsu ɗaya, gano wanda ke saman taga rabawa ce kawai: an gungura ɗigo 12,000,000, a raba da 24, layi na 500,000 ne. Idan kuwa kowanne da nasa tsayi, wani sharhinsa layi ɗaya, wani uku, to ba yadda za a san inda na 500,000 ya faɗa sai an auna duk waɗanda suka gabace shi, aunawa kuma sai an ɗauko rubutunsu. An koma gidan jiya. Saboda haka Qt ya tanadi setUniformItemSizes da setUniformRowHeights, JList na Java ya tanadi setFixedCellHeight: alkawari ne mai rubutu ke yi wa jerin cewa kada ya wahalar da kansa da awo. Inda dole tsayi ya bambanta, sai a yi ƙiyasi a riƙa gyarawa ana tafe, kuma wannan ne dalilin da ya sa kan sandar gungurawa ke ɗan raurawa a wasu manhajojin hira. Faɗin gurbi ma haka yake. Umarnin "daidaita faɗi da rubutu mafi tsawo" yana nufin a karanta kowane layi. Qt da kansa yana tsayawa a layi 1000 idan ba a ce masa ya wuce ba.

Masu WPF suna da nasu tarkon, kuma shiru yake kamawa. Jerinsu yana gina abin da ake gani ne kaɗai muddin ya san iyakar tsayinsa. Ka saka shi cikin StackPanel ko wani ScrollViewer na waje, sai a ce masa fili ba iyaka, shi kuma ya gina layukan duka tunda a lissafinsa duk ana ganinsu. Ba saƙon kuskure, ba gargaɗi. Haɗa layuka rukuni-rukuni ma yana kashe dabarar, sai a .NET 4.5 na 2012 aka kawo hanyar haɗa su biyun, ita ma sai an kunna.

Har yanzu duk a kan zane muke. Bayanan fa? Rage abin da ake zanawa daban, rage abin da ake ɗorawa a ƙwaƙwalwa daban. Idan layukan gajeru ne, miliyan ɗaya na iya zama a ƙwaƙwalwa ba matsala, kuma hakan ya fi komai sauƙi. Idan sun fi ƙarfinta, ko suna kan wata kwamfuta a can ɗakin sabar, sai a riƙa ɗebowa kashi-kashi. Qt yana da canFetchMore da fetchMore. Idan yana karanta rumbun SQLite, layi kusan 256 yake ɗebowa a kowane karo, ya ƙaro idan an kusa ƙasa. Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne dogaro da OFFSET na harshen SQL. Ka ce wa rumbu ya tsallake layi 900,000 ya ba ka 50, ba tsalle yake yi ba, bi yake ta kansu ɗaya-ɗaya yana zubarwa, don haka farkon jeri na gudu, ƙarshensa na rarrafe. Hanyar da ta fi ita ce a tuna mabuɗin layin ƙarshe da aka gani, a ce: ba ni 50 da ke biye da lamba kaza. Idan akwai fihirisa a kan wannan gurbi, rumbu kai tsaye zai dira wurin. Ita ma da nata farashi, domin ba ta iya kai ka tsakiyar jeri a tsalle guda idan ka ja sandar. Wasu kan sasanta ta hanyar ɗora lambobin layukan kaɗai a ƙwaƙwalwa: lamba miliyan ɗaya mai bayit takwas megabayit takwas ce kacal, sauran bayani a ɗebo idan an zo kansa. Ni wannan na fi yarda da ita ga yawancin manhajojin ofis.

Duk abin da zai ɗauki lokaci kuma, ba a yin sa a kan zaren da ke kula da taga. Manhajar kwamfuta tana da zaren aiki guda da ke karɓar dannawa da motsin linzami, shi ne kuma mai zane. Ka ɗora masa karatun rumbu, ba mai amsa ƙofa. Aikin ɗebowa sai a ba wani zare na bayan fage, jerin ya nuna layi fanko ko ɗigo uku, bayani ya iso a cike. Abu biyu ake kiyayewa. Mai aiki na iya ja da sauri ya wuce wuri goma kafin amsar farko ta dawo, don haka dole a riƙa soke buƙatun da lokacinsu ya wuce. Idan kuma bayanai na kwararowa ne ba tsayawa, kamar rahoton da na'ura ke fitarwa, kada a sanar da jerin kowane layi shi kaɗai. A tara na kashi ɗaya bisa goma na daƙiƙa a miƙa gaba ɗaya.

Jeri mai tambaya yana zuwa da bashin da ba a cika faɗa ba. Tunda bai riƙe komai ba, bai iya jerantawa, bai iya nema. Ko ɗan abin nan da aka saba, ka danna harafi jeri ya kai ka sunan da ya fara da shi, sai mai rubutu ya gina da hannunsa. A Windows sanarwar LVN_ODFINDITEM ce ke miƙo masa aikin. Jerantawa an fi yin ta a rumbu, ko a kan ƙaramin jerin lambobi ba tare da motsa bayanan kansu ba. A nan Hausa na da tata magana. Hanya mafi sauri ta gwada suna biyu ita ce a gwada lambobin haruffansu, amma lambobin ɓ da ɗ da ƙ a tsarin Unicode sun fi na z girma. Sakamakon haka Ɗanladi da Ƙasimu za su faɗa can bayan Zainab, magatakarda ya neme su kusa da Dauda da Kabiru ya rasa, wataƙila ya sake buɗe musu sabon kati. Gwadawa bisa ƙa'idar harshe, irin wadda kayan manhaja na ICU ke yi, ta fi tsada, jeranta suna miliyan kuwa gwaji ne kusan miliyan ashirin. Mafita ita ce a lissafa mabuɗin jerantawa na kowane suna sau ɗaya a ajiye, daga nan a riƙa gwada mabuɗan. An samu daidai, an samu sauri.

Wanda ya fi haɗari shi ne zaɓi. Jeri mai tambaya lambar layi ya sani, bai san mutum ba. Ma'aikaci ya zaɓi layi na 73, kafin ya danna gogewa wani sabon suna ya shigo sama ko an sake jerantawa, na 73 ya zama wani mutum daban. Saboda haka manhaja ta riƙe zaɓi da lambar shaidar bayanin, ba da matsayinsa a jeri ba. Jinkiri ana haƙuri da shi, goge katin wani majinyaci kuwa ba abin da za a yafe ba ne.

Da yawa daga manhajojin kwamfuta na yanzu, irin su Visual Studio Code da Slack, shafin intanet ne a cikin riga, an gina su da Electron. Ƙa'idar ba ta canza ba, sai ma ƙara tsananta da ta yi, domin kowane layi a can ya fi nauyi. Suna shimfiɗa fili fanko mai tsayin jerin duka don sandar ta yi daidai, su zana 'yan layukan da ake gani a inda ya dace. Amma injin Chromium da ke cikin Electron ba ya yarda abu ya wuce tsayin ɗigo kusan miliyan 33 da rabi, wato layi kusan miliyan 1.4 masu ɗigo 24. Fiye da haka sai an yi wa sandar lissafi na musamman. Irin wannan katanga ta sha bayyana a tarihin jeri. Tsohon saƙon gungurawa na Windows bai iya ɗaukar matsayin da ya wuce 65,535 ba, Excel kuma ya tsaya a layi 65,536 har sai da fitowar 2007 ta kai shi 1,048,576.

Akwai masu cewa duk wannan wahalar banza ce, ba wanda ke karanta layi miliyan, a ba mutum akwatin nema a huta. Rabin maganarsu gaskiya ce. Sanda mai tsayin ɗigo 900 a kan layi miliyan ɗaya, motsin ɗigo guda ya tsallake layi fiye da 1,100. Ba mai gano suna da irin wannan. Akwatin nema da tacewa su ne ainihin ƙofar shiga, kuma su ma a gina su da hankali: a jira mutum ya ɗan tsagaita da bugu kafin a aika tambaya, kada kowane harafi ya tayar da bincike. Inda ban bi su ba shi ne yanka jeri shafi-shafi, hamsin-hamsin, ana danna "na gaba". Mai binciken kuɗi da ke bin cinikin wata guda, ko injiniyan da ke neman inda na'ura ta fara kuskure, ba koyaushe ya san abin da zai rubuta a akwatin nema ba. Idonsa ne ke nema, yana gangarawa har ya ga inda lissafi ya karkace. Ƙaramar manhajar nan Everything ta voidtools ta nuna ba sai an zaɓi ɗaya an bar ɗaya ba: tana buɗewa da sunayen duk fayilolin kwamfuta a jeri guda mai gunguruwa, kana bugu tana tacewa.

Kafin a taɓa komai dai, a auna. Sau da yawa mai rubutu na zargin zane, ma'aunin lokaci ya nuna ashe wani ɗan aikin juya kwanan wata zuwa rubutu ne ake kira sau dubu ɗari, ko hoton da ake sake karantowa daga faifai a kowane layi. Gwajin kuma a yi shi da bayanan ƙirƙira da suka ninka na yau sau goma, masu dogayen sunaye da haruffa masu ƙugiya, a ja sandar daga sama zuwa ƙasa da ƙarfi, a danna kan gurbi a jeranta, a zaɓi duka. Kuma a yi shi a kan irin kwamfutar da za ta yi aikin, wadda a ofisoshinmu da yawa ta hannu ce, mai ƙwaƙwalwar gigabayit huɗu da tsohon faifai mai juyawa, inda neman wuri guda a faifan kan ci milisakan goma cikin 16 ɗin da ake da su.